Taswirar da ke nuna zirga-zirgar gari daga wayoyin mutane: mu ne a ciki ko wayoyinmu?

Dan_Taswira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare na ga wani bidiyo da ya hana ni kwanciya da wuri. Taswirar wani babban birni ce baƙa ƙirin, sai ɗigo-ɗigon haske kamar taurari, ga agogo na gudu a gefe. Ƙarfe huɗu na asuba gari tsit, ɗan haske kaɗan a unguwannin bakin gari, kafin bakwai sai ka ga hasken ya fara kwarara ta manyan tituna yana shiga tsakiya kamar ruwa ya samu magudana, da rana tsakiyar garin ta yi jajir, yamma na yi komai ya juya ya koma inda ya fito. Wai duk daga bayanan wayoyin salula aka haɗa shi. Tambayata biyu ce. Ta yaya ake yin haka alhali ba kowa ne ke kunna lokeshan ba? Na biyu kuma, in an ce ga yadda gari ke motsi, da gaske garin ake nuna mana ko wayoyi kawai? Masana a taimaka don Allah.

Injiniya_Sabis:
Wa alaikumus salam. Malam ba sai ka kunna lokeshan ba. Na yi shekaru ina aiki a ɓangaren sadarwa, bari in faɗa maka yadda abin yake. Wayarka ba za ta iya karɓar kira ba sai kamfanin layi ya san turken sabis ɗin da take manne da shi, in ba haka ba ina zai tura kiran? To duk lokacin da ka yi kira, ko aka kira ka, ko ka tura saƙon tes, ko ka buɗe data, sai a rubuta layi ɗaya a kwamfuta: lambar sim, lokaci har da daƙiƙa, tsawon kiran, da lambar turken da ya ɗauke ka. Shi ake kira CDR. Asalinsa ma ba don bin sawun kowa aka yi shi ba, don lissafin kuɗin kira ne, a san nawa za a cire maka. Daga baya masu bincike suka lura cewa tunda an san inda aka kafa kowane turke, in ka jera layukan mutum ɗaya daga safe zuwa dare ai ka samu hanyar da ya bi. Ka tara na mutum miliyan, ka zuba a kan taswira, ka sa agogo ya gudu, shi ne abin da ka gani.

Ummu_Hanan:
Innalillahi. Kenan ko ƙaramar waya mai tocila ma ana gani?

Injiniya_Sabis:
Ƙwarai kuwa Hajiya, matuƙar akwai sim a ciki kuma a kunne take. Bambancin kawai shi ne ita ƙaramar ba ta barin sawu da yawa, sai in an yi kira ko saƙo. Babbar waya kuwa manhajojin ciki kullum suna hira da intanet ko tana aljihu, saboda haka sawunta ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Abu_Sadiq77:
Ni abin da na sani wannan ba sabon abu ba ne. Tun 2006 wani ɗakin bincike na jami'ar MIT a Amurka, ƙarƙashin Carlo Ratti, ya yi aikin da suka kira Real Time Rome tare da kamfanin Telecom Italia, aka nuna shi a baje kolin Venice. A cikin abin da suka nuna har da daren wasan ƙarshe na cin kofin duniya, 9 ga Yuli 2006, da Italiya ta ci Faransa a bugun fenareti. Wasan a Berlin aka buga amma a taswirar birnin Rum za ka ga yadda amfani da waya ya tashi sama, da inda jama'a suka yi dandazo suna murna. Tun daga lokacin irin waɗannan bidiyoyi suka fara yawa.

Dan_Taswira:
Na gode Injiniya, ta farko ta fita. Amma ta biyun fa? Domin ni a bidiyon sai na ga ɗigon yana tafiya sumul a kan titi kamar ana bin mota da kyamara.

Injiniya_Sabis:
Nan ne ya kamata ka yi hattara. In bayanan turke ne, kamfani bai san kana kan wane titi ba, ya san dai kana cikin yankin turke kaza. A tsakiyar birni yankin na iya zama 'yan ɗaruruwan mita, a bayan gari kuwa kilomita da yawa. Masu zane sai su yanka garin gida-gida kamar saƙar zuma, kowane turke da nasa ɗakin. Wancan tafiya sumul da ka gani kwamfuta ce ta cike giɓin, an gan ka a nan ƙarfe 7:10, an sake ganinka a can 7:50, sai ta yi hasashen hanyar da ta fi dacewa ta ɗora ka a kai. Akwai ma wani abu da na sha gani da idona: waya tana ajiye a kan tebur ba wanda ya taɓa ta, amma a rubuce sai ka ga ta tsallaka turke A, ta dawo B, ta koma A cikin minti biyar, saboda turken farko ya cika da masu kira sai aka miƙa ta ga na kusa. Wanda bai san wannan ba zai zana mutum yana safa da marwa alhali yana kwance yana barci. Dole sai an tace irin wannan kafin a yi zane.

Na GPS, wato lokeshan da waya ke samu daga tauraron ɗan Adam, daban ne, shi a fili yana iya kama ka cikin 'yan mitoci, amma shi daga manhajoji yake fitowa, wato sai wanda ya ba su izini.

Lissafi_Zalla:
Ina karatun tsara birane ne, kuma gaskiya ina ganin kada mu raina abin saboda kura-kuran da Injiniya ya lissafo. Ku tambayi duk wanda ya taɓa yin ƙidayar motoci da hannu. Ni na yi a aji biyu. An ajiye mu a mahaɗar titi tun shida na safe, kowa da allo da takarda, kana jan kara ɗaya ɗaya, mota, bas, babur, in ka kai biyar ka soke, rana ta taso, hayaƙi na shiga ido, wajen ƙarfe takwas motocin sun fi ƙarfin hannunka sai ka fara ƙiyasi. Bayan duk wannan wahala abin da ka samu na mahaɗa ɗaya ne, na rana ɗaya, kuma ba ka san daga ina suka taso ba balle inda za su. Don sanin wannan sai an bi gida-gida da takardar tambaya, abin da ke cin kuɗi da watanni, shi ya sa birane da yawa sai su shekara goma ba su sake yi ba.

Da bayanan waya kuwa dabarar mai sauƙi ce: turken da sim ya fi kwana a ƙarƙashinsa shi ne gida, wanda ya fi wuni a ƙarƙashinsa ranakun aiki shi ne wurin aiki. Daga nan ka fitar da tebur, mutum nawa ke tashi daga yanki kaza zuwa yanki kaza, da ƙarfe nawa. Wannan teburin shi ne ginshiƙin duk wani tsarin layin bas ko jirgin ƙasa.

Baban_Khalifa:
To an taɓa amfani da shi an gyara wani abu, ko dai bidiyo ne mai kyau kawai?

Lissafi_Zalla:
Baba misalin da aka fi kawo mana a aji shi ne na Abidjan. Kamfanin Orange ya saki bayanan kira kusan biliyan 2.5 na masu layi miliyan 5 a Kodebuwa, bayan an cire sunaye, ya ce masu bincike su gwada abin da za su iya. A 2013 wata tawagar IBM ta yi aiki mai suna AllAboard, ta kwatanta inda mutane ke zuwa da inda bas ke bi, ta ba da shawarar ƙara wasu layuka, lissafinsu ya nuna za a iya rage lokacin tafiya da kusan kashi 10 cikin ɗari. An sake irin gasar da bayanan Senegal daga baya.

Baban_Khalifa:
Lissafi ya nuna daban, an yi daban. Amma na ji.

Nas_Maryama:
Ni ta ɓangaren lafiya zan shigo, domin a nan ne na yarda abin ba wasa ba ne. Girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairu 2010, gari ya ruguje, ba wanda ya san ina mutane suka nufa, masu agaji suna ta kai kaya inda suke zato. Wasu masu bincike daga Sweden tare da kamfanin Digicel suka bi sawun sim kusan miliyan 1.9, suka ƙiyasta cewa mutum wajen 630,000 sun bar Port-au-Prince cikin kwana 19, har da yankunan da suka sauka. Da kwalara ta ɓarke a watan Oktoba na shekarar suka sake yin haka don a san inda masu fitowa daga wurin cutar ke zuwa. Daga wannan aiki ne ƙungiyar Flowminder ta yi suna, kuma sun maimaita a Nepal bayan girgizar 2015.

A Kenya ma an bi sawun masu layi kusan miliyan 15 na tsawon shekara guda, aka haɗa da taswirar zazzaɓin cizon sauro, aka buga a mujallar Science a 2012. Ya nuna yadda matafiya ke ɗauko cutar daga yankin tafkin Victoria su kai ta wasu wurare har Nairobi. Duk wanda ya taɓa zama a asibiti yana ganin masu zazzaɓi daga unguwar da ba ta da sauro sosai ya san darajar wannan bayani.

Gaskiya_Daya:
Duk na ji amma ku tsaya. Kowa sai cewa yake “an cire sunaye, an cire sunaye” kamar shi kenan magana ta ƙare. Wlh ba ta ƙare ba. Lissafi_Zalla da bakinka ka ce inda sim ke kwana shi ne gida, inda yake wuni shi ne wurin aiki. To mutum nawa ne ke kwana a layinku kuma su wuni a ma'aikatarku? Ai kai kaɗai ne ko ku biyu. Sunan me kuma ake nema? An yi bincike a 2013, Yves-Alexandre de Montjoye da abokan aikinsa, a kan mutum miliyan 1.5 na wata 15, suka gano cewa wuri huɗu kacal tare da lokacinsu sun isa a ware kashi 95 cikin ɗari na mutanen, kowa shi kaɗai. Huɗu fa. Kuma bayanan turke ne ba ma GPS ba.

Abu_Sadiq77:
Gaskiya_Daya ya tuna min da Malte Spitz, ɗan siyasar jam'iyyar Greens a Jamus. Shi kotu ya kai kamfanin layinsa Deutsche Telekom sai da suka ba shi bayanansa na wata shida, layi sama da 35,000. Ya miƙa wa jaridar Zeit Online suka mayar da shi taswira mai motsi a 2011, kana danna maɓalli kana kallon mutum ɗaya yana hawa jirgin ƙasa, yana sauka, inda ya kwana, lokacin da ya yi shiru. Fasahar iri ɗaya ce da ta bidiyon Dan_Taswira, sai dai maimakon miliyan an bar ɗigo ɗaya.

Ummu_Hanan:
Jikina ya yi sanyi wlh. To in na kashe lokeshan ya isa?

Injiniya_Sabis:
Zai hana manhajoji samun GPS ɗinki Hajiya, kuma yana da kyau ki shiga saitin ki duba waɗanne kika ba izini, za ki sha mamakin ganin har manhajar tocila ko ta wasa na nema. Amma bayanan turke ba ya kashe su, sai dai in kin kashe wayar ko kin sa ta a yanayin jirgi.

Matashi_2004:
Yaya Injiniya kashe lokeshan na rage cin caji kuwa? Tawa batirin ba ya kai yamma

Injiniya_Sabis:
Yana ɗan ragewa ƙanina, amma hasken fuskar waya da raunin sabis sun fi cinye batir. In sabis ya yi ƙasa wayar ƙara ƙarfi take yi don ta kamo turke.

Lissafi_Zalla:
Mu dawo kan magana. Gaskiya_Daya ban musa maka ba ko kaɗan, amma akwai bambanci tsakanin a ba mutum layukan kowane sim da a ba shi jimilla. Yadda ya kamata a yi, kuma yadda masu aikin kirki ke yi yanzu, bayanan ba sa fita daga kwamfutocin kamfanin, lissafin ake kaiwa can ya gudana, abin da zai fito sai irin “mutum 4,000 daga yanki A zuwa B tsakanin bakwai da takwas”, in adadin ya yi ƙanƙanta sosai a goge shi gaba ɗaya don kada a gane mutum. Rahoton da Google ya riƙa fitarwa lokacin korona daga Afrilu 2020 zuwa Oktoba 2022 ai haka yake, kaso kawai kake gani, zuwa wuraren aiki ya ragu da kaza, zaman gida ya ƙaru da kaza, ba ɗigon kowa.

Gaskiya_Daya:
Jimilla ma tana tona asiri malam. Ka manta da Strava? Manhajar masu gudu da tuƙa keke ce, a ƙarshen 2017 suka saki taswirar duniya mai haske ta inda mutane ke motsa jiki, babu sunan kowa. Janairu 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya, Nathan Ruser, ya lura da wasu zobba na haske a tsakiyar duhu a Siriya da Afghanistan, ashe sojoji ne ke zagaye sansaninsu da gudu. Taswirar ta zana sansanin tsaf. Kuma ni damuwata ba ma masu bincike na jami'a ba ce, su ana sa musu ido. Dillalan bayanai nake ji, masu saye daga manhajoji su sayar wa duk mai kuɗi. A Disamba 2019 New York Times ta samu fayil ɗaya mai ɗigo sama da biliyan 50 na wayoyin Amurkawa miliyan 12, kuma 'yan jaridar sun iya gane mutane daga ciki ba tare da wahala ba.

Malama_Zinatu:
Tun ɗazu ina karantawa, kowa yana maganar wanda aka gani. Ni wanda ba a gani ba ne ya dame ni, kuma ina ga ita ce ainihin tambayar Dan_Taswira ta biyu. Mahaifiyata kullum sai ta fita, tafiyar ƙafa mai nisa, ta je ta dawo, amma wayarta na kan shiryayye a ɗaki saboda tsoron kada ta faɗi, sai ta dawo take duba wa ya kira. A taswirarku ita ba ta taɓa fita daga gida ba. Yaran da nake koyarwa su fi arba'in a aji, kowace safiya suna tsallaka babban titi, babu mai waya a cikinsu, wato a taswirar wannan titin ba mai tsallaka shi ƙarfe bakwai da rabi. Shi kuwa mai gidana layi biyu gare shi da waya biyu, shi an ƙirga shi mutum biyu. To in hukuma ta ɗauki wannan hoton ta ce a nan za a sa gadar masu tafiya a ƙasa, a can ba a buƙata, wa aka zalunta? Hasken da ya fi ƙarfi a taswirar na masu hali ne, su ke da manyan wayoyi da data ko da yaushe. Wanda ya fi buƙatar bas ɗin shi ne ya fi dusashewa.

Nas_Maryama:
Malama kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Tsofaffi da ƙananan yara su ne suka fi cika mana gadaje, kuma su ne ba su da sim.

Lissafi_Zalla:
Haka ne Malama, kuma ana koya mana gyara: a kwatanta yawan sim da ke kwana a yanki da yawan mutanen da ƙidaya ta ce suna wurin, sai a ninka. In yanki na da mutum 10,000 amma sim 2,000 aka gani, kowane sim ya tsaya a madadin biyar. Sai dai na yarda gyaran yana ɗauka cewa waɗanda ba a gani ba suna tafiya irin ta waɗanda aka gani, kuma mahaifiyarki da ɗalibanki sun nuna ba haka ba ne. Shi ya sa malaminmu ke cewa ko da bayanan waya a hannu sai an fita titi an ƙirga, an tambayi mutane. Waya ba ta faɗa maka dalilin tafiya, ba ta faɗa maka wanda ya so zuwa asibiti ya fasa saboda babu abin hawa. Wannan tafiyar da ba a yi ba ba za ta taɓa fitowa a taswira ba.

Matashi_2004:
Ai ma ana iya yaudarar abin. Wani mai fasaha a Berlin, Simon Weckert, a 2020 ya zuba wayoyi 99 a ƙaramar kurar hannu yana ja a hankali a kan titin da babu kowa, Google Maps ta mayar da titin ja wai akwai gosulo. Akwai bidiyon

Injiniya_Sabis:
Gaskiya ne, kuma ya nuna abin da Malama ke faɗa ta ɗaya gefen. Na'urar wayoyi take ƙirgawa.

Abu_Sadiq77:
Wani abin da ya tsaya min a rai shi ne binciken su Albert-László Barabási. A 2008 sun bi mutum 100,000 na wata shida suka ga yawancinmu wurare ƙalilan muke ta maimaitawa, a 2010 kuma wani binciken nasu ya ce ana iya hasashen inda mutum zai kasance har zuwa kashi 93 cikin ɗari. Da na karanta sai na zauna na lissafa makona, gida, aiki, gidan iyaye, wuri ɗaya ko biyu. Wannan maimaicin shi ya sa taswirar ke numfashi kamar ƙirji kowace rana, shi ya sa take da amfani ga masu tsara gari, kuma shi ne dai ya sa gane mutum ke da sauƙi.

Baban_Khalifa:
Ni tambayata har yanzu, wa ya ba su izini? Na sayi layi don in kira iyalina, ban sa hannu a kan a zana ni ba.

Gaskiya_Daya:
Baba galibi yana cikin dogon rubutun nan da muke danna “na yarda” ba mu karanta ba. Dokoki sun bambanta ƙasa zuwa ƙasa. Tarayyar Turai tana da dokar kare bayanai ta GDPR tun Mayu 2018, ta ɗauki bayanin wuri a matsayin bayanan sirri na mutum. A Amurka kotun ƙoli a shari'ar Carpenter ta 2018 ta ce 'yan sanda sai sun samu sammacin alƙali kafin su karɓi tarihin turakun da wayar mutum ta bi. Amma doka a takarda ba ta isa ba sai akwai mai bibiya.

Nas_Maryama:
Duk da haka ni ba zan ce a daina ba. Ranar da annoba ta shigo gari ina so a san inda za a kai magani kafin ta riga mu. A sa sharaɗi mai tsauri, a hukunta mai sayarwa, amma kada a rufe ƙofar.

Dan_Taswira:
Na gode muku duka, Allah ya ƙara ilimi. Na koma na sake kallon bidiyon yanzu, wannan karon gefen taswirar na riƙa duba, akwai wani babban yanki ta kudu da ya zauna da duhu daga farko har ƙarshe, jiya na ɗauka daji ne ko fili. Na buɗe hoton tauraron ɗan Adam na wurin, gidaje ne cunkus. Injiniya, wannan rashin turke ne a wurin, ko wani kamfanin layi suke amfani da shi da ba ya cikin bayanan?

Injiniya_Sabis:
Duk biyun na iya yiwuwa, yawancin irin waɗannan ayyuka bayanan kamfani ɗaya ne kawai. Duba ƙasan bidiyon ko sun rubuta inda suka samo bayanan da shekarar, ka turo min hoton wurin in gani.

Malama_Zinatu:
In ka turo a saka a nan don Allah, ni ma ina son ganin wannan unguwar.